Masu Yawon Jirgi Da Suka Hana A Binne Hanyoyin Ruwan Ingila

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan uwan da suka ce data ba ta barinsu su saurari murya. Wanda ya saurara kuma yake son ya sake duba sunaye da shekaru, ga su nan.

Yau Ingila za mu je, kuma ta ruwa za mu bi.

Bari in fara da masu kallon ƙwallo, tunda na san ku ne kuka fi yawa a nan. Idan aka ɗauko filin Etihad na Manchester City daga sama, ku lura, akwai wani siririn ruwa da ya bi ta gefensa. Haka ma Old Trafford, akwai wani a bayansa. Waɗannan ba koguna ba ne, mutane ne suka haƙa su da shebur da diga fiye da shekara 200 da suka wuce. Na gefen Old Trafford sunansa Bridgewater, na gefen Etihad kuma Ashton. Yau za ka ga jirage masu fenti kala-kala suna wucewa a kansu, mutum na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, kofin shayi a ɗaya hannun. Amma a wajajen 1965, wannan Ashton ɗin juji ne. Tsofaffin katifu, kekuna, tayoyi, duk tarkacen unguwa a ciki ake zubawa, kuma hukumomin yankin so suke a cike shi da ƙasa kowa ya huta.

To wa ya hana? Wasu mutane ne da abin da ya haɗa su tun farko son yawo a jirgi mai inji, ranar hutu, su da abokansu. Labarinsu zan ba ku.

Sai mun ɗan koma baya tukuna. Kanal, wato hanyar ruwa ta haƙa, wanda ya san Kadawa ya san irinta, waɗanda ke ɗauko ruwa daga dam ɗin Tiga zuwa gonaki. Bambancin shi ne na Ingila don dakon kaya aka yi su. A 1761 wani basarake mai riƙe da sarautar Bridgewater ya buɗe kanal daga ramukan kwal ɗinsa na Worsley zuwa Manchester. Wanda ya jagoranci aikin, James Brindley, makanikin injin niƙa ne da karatunsa bai yi nisa ba. Da kwal ya fara shiga gari ta ruwa, sai farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Ai kuwa sai masu kuɗi suka yi caa, kowane gari na son nasa. Kafin a yi shekara 80, hanyoyin ruwan da jirgi ke bi a Birtaniya sun kai kusan mil 4,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: doki ɗaya, yana tafiya a gefen ruwa da igiya, zai ja jirgi mai tan 25 zuwa 30. A kan titin wancan zamanin, mai laka da ramuka, sai ka tara garken dawaki kafin ka motsa wannan kayan.

Za ka ce, to ruwa ai ba ya hawa tudu. Haka ne. Sai suka gina wani abu kamar ɗaki marar rufi a tsakiyar kanal, ƙofa a gaba, ƙofa a baya. Jirgi ya shiga, a rufe ta baya, a buɗe 'yar kafa ruwan sama ya kwararo, ɗakin ya cika, jirgin ya taso har ya yi daidai da ruwan da ke gaba, sai a tura ƙofa ya wuce. Idan gangarowa ne, a yi akasin haka. Ni a shirin nan zan riƙa kiransa matakalar ruwa. A tsakiyar Ingila faɗin yawancinsu ƙafa 7 ne da 'yan kai, tsawo kuma kamar ƙafa 72, shi ya sa jiragen suka zama sirara dogaye kamar an ja su.

Sai jirgin ƙasa ya zo. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester, daga nan kasuwar kanal ta fara ja da baya. Kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa sayen kanal-kanal ɗin, har kusan kashi ɗaya cikin uku ya koma hannunsu. Kuma ka san wanda ya sayi shagon abokin gasarsa ba don ya gyara masa rumfa ya saya ba. Suka bar laka ta taru, ƙofofi suka ruɓe. Matuƙan jiragen kuma, da kuɗin dako ya faɗi, sai suka saki gidajen haya suka kwaso iyalansu cikin jirgi. Miji da mata da 'ya'ya, a ɗakin da tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba. A nan ake haihuwa, a nan ake girki, a nan ake kwana. Yawancin yaran ba su samu makaranta ba saboda kullum ana kan hanya. Ku riƙe waɗannan mutanen a ranku, za mu dawo kansu.

Yawon shaƙatawa a jirgi kuwa dama akwai shi a Ingila, amma a kogin Thames da tafkunan Norfolk, wuraren masu hali. Har ma a 1940, lokacin da sojojin Birtaniya da na Faransa suka maƙale a Dunkirk, cikin ɗaruruwan ƙananan jiragen da aka tattara suka taimaka wajen kwaso mutum sama da 338,000 akwai irin waɗannan na shaƙatawa daga Thames. Amma kanal? Kanal bayan masana'anta ne, wurin hayaƙi da wari. Mutumin kirki ba ya kai amaryarsa can.

Sai ga wani ya kai tasa. Sunansa Tom Rolt, injiniya ne, an haife shi a 1910. A 1939 ya sayi wani tsohon jirgin dako mai suna Cressy daga hannun wani ɗan uwansa, jirgin da a da doki ke ja, aka sa masa injin tsohuwar mota ƙirar Ford. Ya kai shi wajen masu gyaran jirgi a garin Banbury, aka yi masa ɗakin kwana da wurin littattafai har da bahon wanka. A watan Yuli na wannan shekarar shi da amaryarsa Angela suka tashi, suka yi tafiyar kusan mil 400 a tsakiyar Ingila. Suna kan hanya yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Ya rubuta labarin tafiyar, masu buga littattafai suka yi ta mayar masa, wai wa zai sayi littafi a kan kwata. Sai a Disambar 1944 littafin ya fito da sunan Narrow Boat, wato siririn jirgi. Mutanen da yaƙi ya gajiyar suka yi rububinsa, wasiƙu suka yi ta zuwa wa Rolt.

Ɗaya daga cikin wasiƙun daga wani ɗan Landan ne, Robert Aickman, wanda daga baya ya yi suna wajen rubuta labaran fatalwa. Ya ce masa, me zai hana a kafa ƙungiya? A 1945 ya je ya same shi a cikin Cressy a wani wuri da ake kira Tardebigge. Ranar 15 ga Fabrairun 1946, a gidan Aickman da ke titin Gower a Landan, aka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwan cikin ƙasa, wadda aka fi sani da IWA. Aickman shugaba, Charles Hadfield mataimaki, Rolt sakatare. Mutanen da suka zauna a ɗakin ba su cika goma ba.

Yauwa, nan ne wurin da ya sa na zaɓi wannan labarin, don haka ku ba ni hankalinku.

Kusan kowane kanal a Ingila, da dokar majalisa aka gina shi. Kuma waɗannan tsofaffin dokokin sun ce duk wanda ya biya kuɗin hanya yana da ikon ya wuce da jirginsa, mai kanal kuma wajibi ne ya bar hanya a buɗe. Dokar na nan a takarda, an dai daina amfani da ita. Kamfani ya bar kanal ya lalace, jirage su daina bi saboda ya lalace, sannan kamfanin ya je gaban hukuma ya ce, kun gani, ba mai bi, a ba mu izini mu rufe. 'Yan IWA suka gane cewa inda za a katse wannan zagayen shi ne wajen "ba mai bi". Wato maganin kawai a bi. Ka ɗauki jirginka, ka biya kuɗinka, ka karɓi rasit, ka ce a buɗe maka hanya. Ka ga yawon shaƙatawa ya koma zanga-zanga ke nan, kuma wadda ɗan sanda ba shi da hujjar tarwatsawa.

Gwajin farko da ya yi amo shi ne na gadar Lifford, a kudancin Birmingham, kan kanal ɗin Stratford. Asali gada ce da ake ɗagawa jirgi ya wuce. Da ta lalace, kamfanin jirgin ƙasa na Great Western, mai kanal ɗin, ya sa wata kafaffiya, ƙasa-ƙasa, wadda ko kwalekwale da ƙyar ya shige. Ƙungiyar ta samu wani ɗan majalisar dattawa, Lord Methuen, ya tayar da maganar a zauren majalisa. Amsar da aka bayar ita ce, ai hanya ba a rufe take ba, duk mai son wucewa ya ba da sanarwar awa 24 za a ɗaga masa. Sun ɗauka magana ta ƙare. Sai Rolt ya aika da sanarwa. A watan Mayun 1947 ya iso da Cressy, 'yan jarida da 'yan kallo cike da bakin ruwa, ma'aikatan kamfani suka zo da jak suka ɗaga gada sukutum, jirgi ya shige da ƙyar. Wani abin dariya, jirgin da kamfanin ya tura gaba don ya share hanya shi ya fara kafewa a laka. Bayan Rolt wasu ma suka riƙa aiko da tasu sanarwar, kowane zuwa sai an kwaso leburori da jak. Zuwa 1950 aka gaji, aka sa gada mai juyawa.

A tsakanin nan, a 1948, gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa, kanal-kanal ɗin ma suka biyo su zuwa hannunta. Mai gida ya canza, ra'ayi bai canza ba. A 1955 wani kwamitin bincike ya kasa hanyoyin gida uku, ya ware mil 771 ya ce ba su da wata makoma ta kasuwanci.

Amma kafin nan ƙungiyar ta yi abin da ƙungiyoyi suka saba. Ta dare.

A watan Agustan 1950 suka shirya babban taron jirage a garin Market Harborough. Jirage wajen 120 suka zo, 'yan kallo kuma aka ƙiyasta sun kai 50,000, abin da ba wanda ya zata. A idon duniya nasara ce. A cikin gida kuwa, shugaba da wanda littafinsa ya haifi ƙungiyar ba sa ga maciji. Har an nemi a hana Rolt zuwa taron, shi kuma ya turo Cressy ya zo abinsa. Akwai rikicin hali a ciki, don Aickman mutum ne da ba ya son a ja da shi. Amma akwai saɓani na gaske. Rolt da Hadfield da wasu suna ganin ƙarfinsu kaɗan ne, gara a zaɓi hanyoyin da har yanzu ake dako a kansu a tsaya musu, a ceci sana'ar da iyalan da ke cikinta. Aickman ya ce sam, ko mil ɗaya ba za a sallama ba, domin ranar da ka miƙa wa hukuma jerin waɗanda ka fi so, ka miƙa mata jerin waɗanda za ta rufe. A 1951 aka kori Rolt da Hadfield da wasu daga ƙungiyar da suka kafa da hannunsu.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiyar matasa, wallahi ya san wannan ɗakin. Na sha zama a irinsa, an fara da maganar manufa an ƙare da wa ya fi wa. Idan kun tambaye ni, a kan taswira Aickman ne ya yi gaskiya, kuma za ku ga dalili nan gaba. A kan mutane kuma Rolt ne. Korar dai ba ta da wani amfani da na gani. Rolt ya sayar da Cressy, aurensa ma ya mutu a wannan tsakanin, ya koma Wales ya taimaka aka ceci layin dogo na Talyllyn, wanda ya zama layin farko a duniya da 'yan sa-kai suka karɓa suke gudanarwa. Ka ga irin mutumin da aka kora.

Mu koma Stratford, don can ne aka yi abin da ya fi burge ni. A 1958 ƙaramar hukumar Warwickshire tana son gyara wata gada a Wilmcote ba tare da ta kashe kuɗin barin hanyar jirgi a ƙarƙashinta ba. Sai ta nemi a rufe ɓangaren kudu na kanal ɗin gaba ɗaya, ta dogara da wata dokar 1888 da ta ce idan an shekara uku ba a bi kanal ba, ana iya yin watsi da shi. Kuma a gaskiya wurin ya mutu, wasu sassan ma babu ruwa. Ashe a 1957 wasu mutum biyu sun bi ta wurin da ƙaramin kwalekwale, inda ba ruwa su ɗauke shi a kafaɗa, kuma sun biya kuɗin hanya an ba su tikiti. Aka fito da tikitin nan. Hujjar shekara uku ta rushe. Ga kuma dubban takardun ƙin amincewa da jama'a suka aika. Aka fasa rufewa.

Jama'a, 'yar takarda. Irin wadda mu muke dunƙulewa mu jefar kafin mu bar tasha.

Hana rufewa daban, gyara daban. Ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta karɓi wannan ɓangaren, mil 13 da matakalar ruwa sama da 30, kusan duk a lalace. Aka ɗora aikin a kan David Hutchings, wani mai zanen gine-gine daga Coventry, mutumin da ba ya jiran sai an ce masa bismilla. An fara a 1961. Kuɗi kaɗan ne, don haka ya nemo hannu duk inda yake: 'yan sa-kai masu zuwa Asabar da Lahadi, sojoji, har da fursunoni daga gidan yarin Winson Green na Birmingham. Shi ne kuma a 1962, da hukuma ta hana a yashe wani reshen kanal a Stourbridge inda ƙungiyar za ta yi taronta, ya kawo injin yasa ya hau aiki a gaban 'yan jarida, taro kuma ya gudana. Ranar 11 ga Yulin 1964 mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta zo da kanta ta buɗe kanal ɗin Stratford, a shekarar da garin ke bikin cika shekara 400 da haihuwar Shakespeare. Wurin da shekara shida kafin nan ake shirin binnewa.

To ina iyalan nan da na ce ku riƙe? Lokacin da masu yawo ke murna, su tasu ta ƙare. Hunturun ƙarshen 1962 zuwa farkon 1963 ya yi tsananin da ruwan kanal ya daskare kusan wata uku, jirage suka tsaya cak da kaya a ciki. Masu masana'antu suka koma wa manyan motoci, kuma ba su dawo ba. A 1963 hukumar da ke kula da hanyoyin ta janye daga yawancin dakon siraran jirage. 'Yan kaɗan suka ci gaba da lallaɓawa, har zuwa 1970 da aka yi jigilar kwal ta ƙarshe zuwa wata masana'anta a Southall, yammacin Landan. Mutanen da kakanninsu suka rayu a ruwa suka koma gidajen gwamnati da aikin masana'anta, da yawansu ba su iya karatu ba. Fentin furanni da fadoji da suke yi wa jiragensu da bokitansu, yau shi ne adon jiragen masu hutu. Wannan shi ne abin da Rolt ya ji tsoro, kuma ya faru a kan idonsa. Ba na jin ƙungiyar na da ƙarfin da za ta hana, tunda ba ita ta ƙirƙiro babbar mota ba. Amma duk mai ba da labarin nan ya tsallake wannan wurin, ya rage muku wani abu.

Abin da ya juya tunanin gwamnati kuwa lissafi ne. A 1965 hukumar ta zauna ta duba, sai ta gano rufe kanal ma ba kyauta ba ne. Gonaki na zubar da ruwansu a ciki, masana'antu na ɗiba, wasu garuruwan ma daga nan suke sha. Ko ka hana jirgi wucewa sai ka ci gaba da kashe kuɗi, kuma abin da za ka ƙara don jirgin shaƙatawa ya iya bi bai taka kara ya karya ba. Kanal ɗin Llangollen misali ne: tun 1944 aka yi dokar watsi da shi, amma ya rayu saboda shi ke kai ruwan sha zuwa wata ma'ajiya a Cheshire. Yau yana cikin waɗanda aka fi bi, kuma gadarsa mai ɗauke da ruwa a sama, Pontcysyllte, mai tsayin ƙafa 126, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2009.

Sai dokar sufuri ta 1968, wadda minista Barbara Castle ta tsara. A karon farko doka ta yarda cewa shaƙatawa dalili ne da ya isa a riƙe kanal saboda shi. Aka kasa su uku: na kasuwanci, na yawo, da ragowa. Na yawo hukuma za ta kula da su. Ragowa kuma, sai abin da hali ya yi. Amma ku ji inda gizo ke saƙar: wannan dokar ce kuma ta soke tsohon 'yancin wucewar nan da Rolt ya yi amfani da shi a Lifford. Aka ba su abin da suke nema, aka karɓe sandar da suka kora da ita.

Ashton ɗinmu na gefen Etihad cikin ragowa ya faɗa. Sai masu jirage suka kira gayya. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan dacewa, gayya ce sak irin ta gona. A watan Satumban 1968 mutum wajen 600 suka taru daga ko'ina a ƙasar, cikin ruwan sama, suka kwashe shara kusan tan 2,000 a kwana biyu. A 1970 wani matashi, Graham Palmer, ya mayar da irin wannan aikin ƙungiya mai zaman kanta ta masu haƙa da gini. A 1972 aka sake wata gayyar a Ashton, wannan karon mutum kusan 1,000. Ƙananan hukumomin da ke cewa a cike suka ga abin da gaske ne, suka sa kuɗi, aka buɗe kanal ɗin a 1974.

Daga nan sai abin ya zama kamar an buɗe ƙofa. Kennet da Avon, mil 87 daga Reading zuwa Bristol, mai matakala 29 a jere a Caen Hill, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 1990 bayan aikin shekaru kusan 30. Na Huddersfield, mai matakala 74 a cikin mil 20 da ramin da ya ratsa ƙarƙashin dutse sama da mil 3, wanda mutane suka ce gyaransa ba zai taɓa yiwuwa ba, an buɗe shi a 2001. Tun 1948 Aickman da abokansa suka kutsa wannan ramin da jirgin haya don kawai a san ana iya bi. Na Rochdale ya biyo baya a 2002. Duk waɗannan, da an bi shawarar a zaɓi kaɗan a bar saura, da yanzu tituna ne da wuraren ajiye motoci.

Yau wata gidauniya ce, Canal & River Trust, ke riƙe da mil 2,000 a Ingila da Wales tun 2012, da jirage sama da 30,000 masu lasisi, mafi yawansu na shaƙatawa. Gudun da aka yarda a yawancin kanal mil 4 ne a awa, wato mai saurin tafiya a ƙafa zai iya jerawa da kai kuna hira. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, to waɗannan sun ɗauki maganar da gaske. Suna da ladubbansu: idan za ka wuce jirgin da ke ɗaure ka rage inji kada ka girgiza wa mutane tukunya, idan kun haɗu a matakala ka sauko da ƙarfen murɗa ƙofa ka taimaka, kuma ba ka zubar da ruwan matakala a banza alhali ga wani na tahowa da zai amfana da shi. Galibi babu ma'aikacin da zai buɗe maka, kai da matarka ko abokinka za ku tura ƙofar.

Rigima dai ba ta ƙare ba, ta canza kaya ne. Tsadar haya a Landan ta tura dubban mutane, da yawansu matasa sa'o'inmu, zama cikin jirgi. Dokar 1995 ta ce wanda ba shi da matsaya ta dindindin kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, sai ya matsa. Ka yi tunanin mai aiki ko mai yaro a makaranta da duk sati biyu sai ya canza unguwa, ya nemi inda zai ɗebi ruwa da inda zai zubar da shara. Tsakaninsu da gidauniyar, da kuma wasu masu jiragen hutu da ke ganin sun cika musu wuri, kullum ana cikin ja-in-ja. Ka ga an dawo maganar Rolt ta wata ƙofar: ruwan nan na masu yawo ne ko na masu zama?

Ga kuma kuɗi. Yawancin gine-ginen sun haura shekara 200. A Agustan 2019 bangon dam ɗin Toddbrook, wanda ke ba kanal ruwa, ya fara zaizayewa bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutum wajen 1,500 daga garin Whaley Bridge na kwanaki. A 2023 kuma gwamnati ta sanar cewa daga 2027 za ta riƙa rage tallafin da take ba gidauniyar, ita kuma ta yi gargaɗin cewa hakan na iya kai wa ga rufe wasu hanyoyin. IWA na nan har yanzu, kuma ta sake fitowa da jirage, ana jerin gwano a ruwa kamar yadda aka yi a 1950.

Rolt ya rasu a 1974, Aickman a 1981. Akwai gada mai sunan Rolt a Banbury inda Cressy ya tashi, akwai matakala mai sunan Aickman a kogin Avon. A Tardebigge kuma, saman matakala 30 da suka fi kowaɗanne tsawon jeri a ƙasar, an kafa allo mai ɗauke da sunayensu su biyu, a daidai inda suka fara haɗuwa. Sai dai waɗanda suka kafa shi sun rubuta 1946. Daga baya aka zo aka liƙa wani ƙaramin allo a jikinsa, mai cewa a 1945 ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.